Ba a Yi Mini Barka Ba

A ƙauyenmu, can gaba da Gwiwa, gaisuwa iri biyu ake yi wa mace idan ta rabu da ciki. In haihuwa ta yi, mata su shigo da fara'a, su ce barka da sauka lafiya, Allah ya raya. In kuwa ɓari ne, su shigo a hankali, su tsuguna a bakin ƙofa, su ce sannu, Allah ya ba da mai zama. Ta biyun na san ta sosai, don sau biyu aka yi mini ita kafin wannan cikin. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne a sake yi mini ita alhali 'yata tana numfashi.

Da cikin ya wuce watannin da na saba zubarwa, Malam, wato mijina, ya sayo ɗan rago a kasuwar Gwiwa, ya ɗaure shi a gindin rumbu, ya ce na suna ne. Ni nake ba shi dusa da harawa, har ya san takuna. A ranar ne kuma Malam ya faɗa a tsakar gida, matan 'yan'uwansa duk suna ji, cewa in mace ce 'yar farinsa, sunan Inna za ta ci. Inna ita ce mahaifiyarsa, gida ɗaya muke. Jikokinta suna da yawa, amma ba a taɓa yi mata takwara ba, kuma abin yana cin ta ko da ba ta faɗa. Daga ranar, in na shiga gaishe ta da safe, sai ta amsa mini a taƙaice, ta dubi cikina ta ce, "Takwara, kin tashi lafiya? Ki dai zo da ƙafar dama." Mu yi dariya. Uwata ta rasu tun ina ƙarama, saboda haka wannan wasan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Cikin yana wata na bakwai, da damina, maza suna maimai a gona, na sunkuya zan ɗauki turmi da hantsi sai na ji faya ta fashe. Aka kira Malam daga gona, aka samo motar wani maƙwabci, muka bi taɓo har ƙaramin asibitin da ke Gwiwa. Ba a daɗe ba sai ga yarinya ta zo. Ta yi kuka, siriri, kamar na kyanwar da aka haifa yanzu, amma kuka ne, na ji shi da kunnena. Tsawonta bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa wuyan hannu ba. Fatarta ja ce, mai sheƙi, ana ganin jijiyoyi a ƙarƙashi. Ungozomar asibitin ta ce bakwaini ce, su ba su da abin da za su riƙe ta da shi, mu yi maza mu kai ta Kazaure.

Inna ta matso, ta ɗaga bakin zanen da aka naɗe ta, ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta mayar da zanen ta rufe har fuska, kamar yadda ake rufe abin da aka gama da shi. Ungozomar ta sa hannu ta buɗe fuskar.

"Wannan ai ɓari ne," in ji Inna. "Rai ne dai bai gama fita ba."

Ba ta faɗa da faɗa ba. A hankali ta faɗa, kamar mai cewa yau za a yi ruwa. Daga nan ta ce ita za ta koma gida, an bar awaki ba kowa. Ita ce ta kai labari ƙauye, kuma yadda ta faɗa mini haka ta faɗa musu.

Ni da Malam muka wuce Kazaure. Ungozomar ta cusa mini yarinyar a cikin riga, fata da fata, ta ce kada in bari iska ta taɓa ta. Duk ramin da motar ta faɗa sai in sunkuyar da kai in saurara. Da muka fara hango duwatsun Kazaure na daina jin motsinta, ban kuma gaya wa Malam ba, na dai matse ta ina karanta abin da na iya.

A asibitin da muka je akwai ɗaki na jarirai irin nata. Ba a shiga da takalmi, ba a shiga sai an wanke hannu har gwiwa. A ciki akwai akwatuna na gilashi masu ɗumi, kowanne da ƙofofi biyu zagayayyu na zura hannu. Kowa kwalba yake ce musu. Aka sa ta a kwalbar da ke bakin taga, aka liƙa mata robar iska a hanci, aka zura wata siririya ta baki har ciki. Sun nemi jijiya a hannu sun rasa, sun nema a ƙafa sun rasa, sai suka aske ɗan gashin da ta zo da shi suka sa allurar a kai. Ba ta da ƙarfin yin kuka a lokacin. Bakin kawai take buɗewa.

Akwai wata nas, babbar mace mai tabarau, ita ce ta fi daɗewa a ɗakin. Washegari ta miƙo mini ƙaramin kofi ta ce in tatsa, tunda yarinyar ba za ta iya kama nono ba. Na yi ta matsawa, ɗigo kaɗan ne suka fito, rawaya, masu danƙo. Na ji kunyar miƙa mata.

"Maijego, ƙara dai," ta ce. "Wannan ɗin da kike rainawa shi ne maganinta."

Na waiwaya in ga da wa take. Ba kowa a bayana. Ita ce mutum ta farko da ta kira ni da wannan sunan, kuma a duk zamana a can ita kaɗai ce.

Numfashin yarinyar yakan ɗauke. Tana kwance ƙirjin yana hawa yana sauka da sauri, sai kawai ya tsaya, leɓenta ya fara duhu, na'urar da ke jikin kwalbar ta hau ƙara. Nas ta zura hannu ta ɗan murza mata tafin ƙafa, sai ta zabura ta ci gaba, kamar wadda ta manta aka tuna mata. Na koyi murzawar ni ma. Bayan haka shawara ta kama ta, idanu da jiki suka yi rawaya, aka rufe mata ido da ƙyalle aka kunna mata shuɗiyar fitila. Ina zaune a kan benci ina kallon ta tsirara a cikin shuɗin haske, hannuwanta a baje, ba wanda zai ɗauke ta.

Malam yana zuwa yana komawa a kan babur, don gona ba ta jira. In ya zo ya kawo mini tuwo ko fura, ya leƙa ta taga, ya koma ƙarƙashin darbejiyar da maza suke zama. Ba mugun mutum ba ne. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Bai kuma taɓa ƙetare maganar Inna ba. A wajenmu uba ne yake yi wa jariri huɗuba, ya yi masa kiran salla a kunne, ya raɗa masa sunansa, tun kafin ranar suna a faɗa wa duniya. Na same shi a ƙarƙashin bishiyar na tsuguna.

"Malam, ba a yi mata huɗuba ba."

"Za a yi. Bari ta ɗan yi ƙwari."

"Sun ce uba zai iya shiga, in ya wanke hannu."

"Na ji. Ke dai ki ci abinci."

Ranar kasuwar Kazaure wasu matan ƙauyenmu suka biyo ta asibitin. Na ji daɗin ganin su har na miƙe tsaye. Suka tsuguna a bakin baranda, suka ajiye ƙwaryar fura.

"Sannu. Ashe abin da ya faru ke nan kuma. Allah ya ba da mai zama."

"Tana nan fa," na ce. "Tana ɗakin can. Jiya ma ta sha nono a roba."

Suka dubi juna. Babbarsu ta dafa ni ta ce, "To, Allah ya ba ki haƙuri." Na ce su zo su leƙa ta taga, ba nisa. Suka ce mota za ta tashi ta bar su.

A kwalbar da ke kusa da ta 'yata akwai wani yaro, shi ma bakwaini, ya girme ta da kwana ɗaya ko biyu. Uwarsa 'yar Babura ce, mai kai atamfa cikin Nijar, doguwa, ga murya. Ba ta kiran kowa da suna, garinka take kiranka da shi. Ita ce mai ba mu dariya a benci.

"Ke 'yar Gwiwa, dubi nawa don Allah. Kamar tsakon da aka fige. Wata bakwai ina cin kaji da kuɗin sefa, abin da ya fito mini da shi ke nan."

Ranar da ɗanta ya kwana bakwai, can Babura aka yanka rago aka yi suna, shi yana nan a kwalba. Da yamma mijinta ya zo da kwano cike da soyayyen nama da dabino. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana rabawa, har masu shara.

"Ku ci, ku ci. Mai ragon ko ƙamshi bai ji ba, an cinye masa a bayan ido."

Ta wanke hannu ta shiga, ta tsaya a kan kwalbar tana kiran sunan da ƙarfi har nas ta ce ta rage murya. Nas ɗin ta yanko farar filasta ta rubuta sunan ta liƙa a jikin gilashin. Da ta fito ta zauna kusa da ni tana suɗe yatsa.

"Naku fa? Jibi ne ko gata?"

"Gobe."

"To ki gaya wa mijinki ni ba na cin hanji. Cinya za a kawo mini."

Washegari na yi wanka da sassafe, na sa kwalli, na ɗaura ɗankwalina mai kyau. Na san ba a yanka rago ba, da na ji. Amma na ce a raina ko sunan kaɗai Malam ya zo da shi. Sai bayan azahar na hango baburin, Inna a baya. Zuciyata ta yi sanyi, na ce ashe ta sauko. Na shimfiɗa mata tabarma a baranda, na gaishe ta. Ta ƙi cire takalmi ta shiga, ta dai leƙa ta taga, ta dawo ta zauna ta ɓare goro.

"Yaya abin?" ta ce.

"Da sauƙi, Inna. Sun kashe fitilar, shawarar ta sauka." Na matso kusa da ita. "Inna, yau kwana bakwai."

"Kwana bakwai da me?"

"Da haihuwa."

Ta tauna goronta. "Yarinya, ki daina wahalar da kanki. Na haifa, na binne. Na san mai zama, na san mai wucewa. Wannan roba ce take yi mata numfashi."

"Ko ba rago, Inna. Sunan kawai."

"Wane sunan? Nawa? Ni suna ɗaya gare ni, ba biyu ba. In aka sa wa wannan ta tafi da shi cikin rami, shi ke nan na yi takwara na gama? A garin nan a riƙa cewa ai takwararta ba ta zauna ba? A ajiye wa mai zama."

Na dubi Malam. Yana tsaye a jikin ginshiƙi yana tona ƙasa da bakin takalminsa.

"To a sa mata wani," na ce. "Kowane iri ne. Ko na uwata."

"Ba a gabanki ya faɗa ba? 'Yar farinsa sunana za ta ci, kowa ya ji. In kuka sa wa wannan wani suna, ta zama ita ce ta fari ke nan, ni kuma sai saura. Haka kike so a yi mini?"

"A'a, Inna."

"To."

Daga nan ta tambaye ni ina na ajiye buhun dusa, ragon yana ta kuka tun da na tafi. Na gaya mata. Ta ce furar da aka aiko mini ko na sha. Na ce na sha. Kafin la'asar suka hau babur. 'Yar Babura tana can ƙarshen benci, ta ji komai. Ranar ba ta yi wa kowa tsiya ba, cinyar ma ba ta sake tambaya ba.

Bayan 'yan kwanaki ɗanta ya koma. Da rana tsaka ne, muna jira a kira mu tatsa. Ba ta yi ihu ba, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu. Mijinta ya fita baranda da waya, ina jin sa yana kiran 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya faɗa masa sunan yaron, ya ce Allah ya yi masa rasuwa, za a kawo shi gida a yi masa salla. Nas ta ɓanɓare filastar daga gilashin, uwar ta karɓa ta ƙulle a bakin zane. Na riƙe mata jaka har bakin mota ina ba ta haƙuri, a cikin raina kuwa abin da nake ji shi ne ita ta fi ni. Nata an san wanda ya tafi.

Tawa sai ta fara samun sauƙi. Numfashin ya rage ɗaukewa. Ta buɗe ido, baƙaƙe, manya a wannan 'yar fuskar. Nas ta fara ciro ta tana ɗora mini a ƙirji da robobinta, ta lulluɓe mu da zane, in zauna ba motsi har ƙafata ta mutu. Wani lokaci sai ta kama bakin rigata da yatsunta. Ina so in yi mata magana, sai in rasa da me zan fara. Ke, nake cewa. Ke, sannu. Ke, ki daure. Na yi tunanin in sa mata suna ni kaɗai a ɓoye, har na zaɓa. Amma ban taɓa jin uwa ta yi huɗuba ba, kuma na ji tsoron in na kira ta da shi, ya zama na yarda ke nan ubanta ba zai yi ba. Sai na bari ina jira.

Na gaya wa Malam ta fara ƙwari. Ya yi murmushi, karo na farko tun da muka zo. Ya ce in aka sallame mu ranar za a yi komai, rago da suna da taro, Inna ma ta ce haka.

Wata safiya na tarar cikinta ya kumbura, ya yi tauri yana ƙyalli. Abin da ke fitowa ta robar bakin ya koma kore. Aka ce in daina kawo nono, ba za a ba ta komai ta ciki ba sai ruwan allura. Na ci gaba da tatsa ina zubarwa a gindin fulawa, don kada ya ƙafe kafin ta warke. Kwana biyu cikin yana ƙaruwa, ita tana ƙanƙancewa. In aka taɓa ta sai ta yamutse fuska. Likitan ɗakin, wani matashi mai sanyin magana, ya kira mu ni da Malam ya zaunar da mu. Ya ce hanjinta ne ya kamu da ciwo, irin wanda yake kama bakwaini, kuma ya shiga jini. Ya ce suna ba ta duk maganin da ya kamata. Malam ya tambaya ko a kai ta Kano. Likitan ya ce a yadda take, ba ya jin za ta kai. Ya ce in akwai abin da muke so mu yi mata, mu yi yau.

Muka fito. Malam ya nufi darbejiya. Ban taɓa riƙe masa riga ba tun da aka kawo ni gidansa, ranar na riƙe, a gaban mutane.

"Malam, don Allah."

"Sake ni, ana kallo."

"Inna ba ta nan. Ba wanda zai ji sunan sai yarinyar. Ba zan gaya wa kowa ba har in mutu."

Ya tsaya yana kallon hannuna a kan rigarsa. Sannan ya cire takalmi.

Nas ta nuna masa inda zai wanke hannu, ta ba shi riga ya ɗora. Wannan ne shigarsa ta farko. Ya tsaya a kan kwalbar. Nas ta buɗe masa ƙofar gefe. Ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya kai bakinsa kusa da kunnenta na dama, ya yi kiran salla ƙasa-ƙasa. Ya zagaya ɗaya gefen ya yi iƙama. Yarinyar ta buɗe ido. Ina tsaye a bayansa, kusa sosai, ina jin kowane harafi. Ya gama. Ya ja numfashi. Na ga leɓensa ya buɗe.

Ya daɗe a haka. Na'urar tana ta ƙararta. Sannan ya rufe bakinsa, ya shafa mata tafin ƙafa da ɗan yatsa, ya miƙe.

Nas ta riga ta yanko filasta, biro a hannu.

"Malam, wane suna zan rubuta?"

"Ki bari tukuna," ya ce. Ya tuɓe rigar ya miƙa mata ya fita.

Nas ɗin ta dube ni ta saman tabarau. Ta liƙa farar filastar a bayan nata hannun, ta ci gaba da aikinta. Da ta ga lokaci ya yi, ta ciro yarinyar ta ɗora mini a ƙirji. Bayan la'asar numfashin ya ɗauke. Na murza tafin ƙafar. Na sake murzawa. Nas ta riƙe mini hannu.

Malam ya kira gida daga baranda, daidai inda mijin 'yar Babura ya tsaya.

"Inna, abin dai bai zauna ba."

Wayarsa mai ƙara ce, na ji amsar. "Ai na faɗa. Allah ya ba da mai zama. Ba sai kun ɗauko ba, ku rufe a nan, ku taho kafin hadarin nan ya sauko."

Wata tsohuwa mai wankan gawa ta wanke ta a cikin ɗan baho. Likkafanin bai kai ɗankwalina ba. Malam ya ɗauke ta a tafin hannuwansa biyu ya fita da ita wajen masallacin da ke bakin asibiti. Daga baya ya gaya mini limamin ya tambaya ko ta yi kuka da aka haife ta, ya ce ta yi, sai aka yi mata salla, shi da mutanen da suka tarar a wurin. Wannan shaidar dai ya ba ta. A Kazaure take. Ban san wajen ba, mata ba sa zuwa, shi kuma da na tambaye shi bayan shekara ya ce ruwa ya shafe alamar.

A gida mata suka sake shigowa suka tsuguna a bakin ƙofa. Wasu suka ce ai sun riga sun yi mini sannu tun tuni. Inna ta sa aka dafa mini ruwan wanka mako guda, ta ce ya isa, tunda ba jego ba ne, itace kuma ya jiƙe. Nonona bai san da haka ba. Ya cika ya yi tauri kamar dutse, yana jiƙa mini riga ina tsakiyar daka. Matar wan Malam ta gani ta ce, "Oh, nono har da rawar kai, ba a gayyace shi ba." Aka yi dariya. Ni ma na ɗan yi, don in ban yi ba za a ce na cika riƙo.

Ragon yana nan a gindin rumbu. Yana jin takuna ya hau kuka. Da Babbar Salla ta zo Malam ya so ya yi layya da shi, Inna ta hana, ta ce na takwararta ne. Na ci gaba da ba shi dusa safe da yamma. Ya yi ƙiba, ƙahonsa ya murɗe, har mutane suna shigowa kallo.

Damina biyu bayan haka na sake haihuwa, wata tara cif, mace, mai nauyi, kukanta har waje. Tun cibiya ba ta bushe ba Malam ya karɓe ta ya yi mata huɗuba, bai tsaya ko'ina ba. Inna ta yi guɗa da bakinta mai giɓi. Ita da kanta take hura wutar wankana, ta dama mini kunun kanwa. Ina son yarinyar nan, Allah ya sani, ba ta da laifin komai. Amma in na ɗora ta a ƙirji sai in ji nauyin ya yi yawa, hannuna yana neman wani abu da bai kai haka ba.

Ranar suna aka kwance ragon da asuba. Na ji kukansa, sannan na daina ji. Aka faɗi sunan a ƙofar gida, maroƙi ya ɗauka ya shigo da shi har tsakar gida. Ɗakina ya cika da mata, har da waɗanda suka tsuguna a baranda a Kazaure, kowacce da fara'a.

"Barka da arziki. Barka da 'yar fari. An daɗe ana jira, yau dai kin zama uwa."

Na buɗe baki in amsa, abin ya ƙi. Na juya fuskata bango na ja mayafi. Kafaɗuna suna rawa, na kasa tsayar da su. A wajenmu mace ba ta nuna murna da ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta amsa barkarsa da baki, kunya ake so ta yi. Sai ɗakin ya ɗauki dariya.

"Ku dube ta, wai ita a dole mai kunya."

"A gidanku aka koya miki, ko a nan kika tsinta?"

Inna tana zaune a bakin gado da takwararta a cinya, tana yi mata rawa da gwiwa.

"Ku ƙyale mini yarinya," ta ce. "Kunyar 'yar fari ce. Ita dama akwai kara, ba irin na yanzu ba."

Da yamma aka kawo mini kason maijego a kwano, gasasshe, da yaji a kai. Inna ta tura mini shi gabana, ta ce ai ni na yi kiwonsa, ni ya kamata in fara ci. Ta zauna tana kallo. Ina shayarwa, yarinya tana bukatar nono. Na ci.